Kafaɗar Ɗan Kwangila

Pinrang, farkon Yuli

Zuwa ga yayana, Daeng Tamin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na gonar kwakwar manja. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, yanzu tana hawa tsanin gida ba ta tsaya a tsakiya tana mita ba. Man shafawar da ka aiko ta ce warin asibiti yake yi, amma ta ɓoye shi ƙarƙashin matashi, ba ta sam wa kowa.

Maganar bangon gida ce ta sa na rubuto. Daeng, gara ta gama da mu. Katakon ɓangaren yamma in ka danna shi da yatsa sai ya lotsa kamar dafaffen rogo. Rannan na jingina ina tsintar shinkafa, na ji bangon yana ja da baya. Dogayen ƙafafun itacen da gidan ke tsaye a kansu, waɗanda marigayi Baba ya kafa, lafiyarsu ƙalau, gara ba ta iya wannan itacen. Rigar ce kawai ta yage.

Na san za ka ce ina Kawu Beddu, ai shi ne kafintan dangi. To, Kawu ya zo tun kafin azumin bara, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasawa, ya ɓalle katako ɗaya daga ɗakin Inna, ya ce zai kai Parepare a yi awo. Katakon bai dawo ba har yau. Shi Kawu yana dawowa, duk ranar da ya ji ƙanshin gasasshen kifi. In na yi masa maganar aiki sai ya ce, "Eda, gidan yayata ba a yi masa aikin gaggawa, bari in samu itacen da ya dace da ita." Ramin yana nan, kyanwa ta mai da shi ƙofarta. Na so in toshe shi da buhu, Inna ta ce in bari, wai iska yake kawo mata.

Ka nemo mana shawara. Mutum nake so wanda zai fara ya gama, ba wanda zai kware mana gida ya tafi kamun kifi ba. Mutanen Parepare sun cika wajenku, ka tambaya ko akwai wanda aka yarda da hannunsa.

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Eda

Pinrang, ƙarshen Yuli

Daeng Tamin,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, kada gabanka ya faɗi don ka ga takarda ta biyu tun ba ka amsa ta farko ba. Na ba surukin Hajiya Sennang, jibi zai hau jirgin ruwa zuwa wajenku.

Kogin Saddang ya sake gatsar gaɓarmu. Mangwaron da kake hawa kana jifana da ƙwallo ya tafi, da saiwarsa da komai. Yanzu in na zubar da ruwan wanki daga madafa ina jin faɗuwarsa cikin kogi. Dattawa sun zo sun duba, sun ce in damina ta same mu a nan, da wuya gidan ya ga ƙarshenta.

Na kawo wa Inna maganar mu koma gidan haya a gari. Kallon da ta yi mini ya ishe ni amsa. Ta ce gidan da mijinta ya sassaƙa da hannunsa ba za ta bar wa kifi ba. Saboda haka an tsai da shawara: za a ɗauki gidan a kafaɗa, yadda aka ɗauki na Liman muna yara, a kai shi filin Kaka na bakin hanya. Liman zai yi shela a masallaci, maza su fito bayan sallar Juma'a. Sai dai dole a jira a girbe shinkafa, don ta cikin gonaki za a ratsa, kuma kafin nan ba mai sakin laujensa.

Ka ga ke nan aikin bango ya zama na yanzu. Bayan an ɗauka ruwa zai sauka, ba damar kware ɗaki. Ga shi masu ɗauka sun ce ba za su shiga ƙarƙashin gidan da zai riƙa zubo musu ruɓaɓɓen katako a ka ba. Ita kuma Inna ta ce ba za a wuce da gidanta gaban masallaci sanye da tsumma ba.

Duk wanda za ka turo, ka gaya masa gida ne mai tafiya. Abu marar nauyi muke so.

Eda

Tawau, tsakiyar Agusta

Ƙanwata Eda,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki ta maganar gara, na ji daɗi da gwiwar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, in ban da ƙayar kwakwa da ta soke ni a hannu, ita ma ta warke. Ki gaya wa Inna ina cin abinci har ana yi mini tsiya.

Labarin ramin nan ya hana ni sukuni. A ce ina da rai, ina aiki, uwata na kwana da kyanwa na shiga mata ta bango? Kawu Beddu ya ci darajar furfurarsa.

To ki kwantar da hankalinki, na gama komai. Abokin ɗakina yana da ƙanin mata a Parepare, ɗan kwangila, sunansa Pak Jufri. Na ga hoton shagunan da ya gina. Na yi masa magana ta wayar ofis, mutum ne mai natsuwa, kuma ya san kayan zamani. Mun yi shawara ba za a mai da katako ba, don katako abincin gara ne, bayan 'yan shekaru mu koma gidan jiya. Allon siminti za a sa, irin wanda aka yi wa gidajen manyanmu a nan. Na ce ya zaɓo mafi kauri. In kin ƙwanƙwasa shi sai kin ji zafi a yatsa. Wannan in an kafa an kafa ke nan, ko guguwa ba ta motsa shi.

Kada ki tsaya yi masa tambayoyinki na malaman makaranta, na san halinki. Ki ba shi shayi ki bar shi ya yi aikinsa. Ina so ranar da zan dawo in hango gidanmu tun daga nesa, fari fat a bakin kogi, inda Baba ya kafa shi.

Ki gaishe da Inna. Kawu kuma ki ce na ce ya riƙe katakon, na bar masa.

Yayanki,
Tamin

Pinrang, ƙarshen Agusta

Daeng,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na gama gaisuwa ke nan, don raina a ɓace yake.

Takardarka da ɗan kwangilarka rana ɗaya suka iso. Ina karanta "ko guguwa ba ta motsa shi" sai ga babbar mota tana nishi a ƙofar gida. Ko dai takardata ta biyu ba ta same ka ba, ko kuwa ka karanta ta da ido ɗaya.

Pak Jufrinka ya sauko da farar riga da takalmi mai ƙyalli, turarensa ya riga shi hawa tsani. Yatsunsa sumul, kamar na mai sai da zinariya. Na ce a raina, wannan ko guduma ya taɓa riƙewa? Mutanensa suka jibge allunan a gindin gida, kowane ɗaya sai mutum biyu sun kama suna cije baki.

Ni na buɗe baki zan fara, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta sauko a hankali, ta kama gefen allo ɗaya ta ja, bai ko gaishe ta ba. Ta ce, "Ɗana, wannan me ake ce masa?"

Ya ce, "Allon siminti ne, Inna. Gara ba ta ci, wuta ba ta ci."

Ta ce, "Kogi fa, yana ci?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ta kama hannun farar rigar nan ta kai shi bayan madafa, ta nuna masa inda ƙasa ta ƙare. Ta gaya masa gidan zai tashi bayan girbi, a kafaɗar maza, ta cikin gonaki. Ya ce ai ba damuwa, sai a ƙaro mutane. Kawu Beddu, wanda ya ji ƙarar mota ya zo kallo, ya ce, "Ƙwarai, a ƙaro. A aika Makassar su turo sojoji."

Inna ta ce, "Ni ban san siminti ba, ban san katako ba, kai ne mai sana'a. Ka sa wa gidana abin da ka ga ya dace, ba zan ce uffan ba. Sharaɗina ɗaya ne. Ranar Juma'ar da za a ɗauka, wanda ya yi bangon shi ne zai shiga kusurwar madafa."

Ka san kusurwar madafa, Daeng, inda murhu yake, wadda samari ke gudu don nauyinta suna tura wa juna.

Mutumin naka ya dubi allunan. Can sai ya sunkuya, ya sa aka ɗora masa allo ɗaya a kafaɗa, ya taka da shi zuwa rijiya ya dawo. Da ya sauke, rigar ta zama ruwan toka, shi kuma yana haki. Ya sha shayi, ya yi godiya, ya ce zai dawo ran Asabar. Asabar ta zo ta wuce. Allunan suna nan, Kawu ya mai da su wurin zaman cin gyaɗa.

Shinkafa ta fara ja, gajimare ya fara taruwa a kan duwatsun Enrekang. Ba mu da bango, ba mu da ɗan kwangila, muna da tarin siminti. Ban ga laifinka ba sosai. Daga Tawau komai ba shi da nauyi, tunda ba kafaɗarka ce za ta shiga ba.

Eda

Tawau, tsakiyar Satumba

Eda,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, da fatan ku ma haka.

Takardunki biyu tare suka zo. Surukin Hajiya Sennang ya maƙale a Nunukan yana jiran takardun shiga ƙasar nan, takardarki ta biyu ta yi ta kwana cikin jakarsa tare da busasshen kifi, har yanzu tana wari. Na yi rashin sa'a na fara buɗe ta baya. Na karanta ban gane komai ba, wane ɗauka, wace kusurwa? Sai da na buɗe ɗayar na ga mangwaro ya tafi. Na zauna a bakin gado na sake karanta ta.

Maganarki ta ƙarshe ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Gaskiya ce, shi ya sa. Na je wajen shugaban aikinmu na nemi hutu, ya ce ba mai motsawa sai an gama yankan wannan zangon. Ranar da za a ɗauki gidan ubana, 'ya'yan wasu ne za su shiga ƙarƙashi, ni ina nan ina tura baro. Simintin nan ma abin da ya sa na zaɓe shi ke nan. Na so in sa muku abin da ba zai ruɓe ba alhali ba na nan. Ban san na aiko muku da dutsen da zai danne gidan a bakin kogi ba.

Na titsiye abokin ɗakina a kan Pak Jufri. Ya rantse mutumin ba ya gudu, wai dai bai iya saurin magana ba in yana tunani. Ni yanzu ban san wa zan yarda da shi ba. In bai dawo ba, ki je ki zauna a ƙofar Kawu da wuƙar yankan kifi, kada ki tashi sai ya ɗauko gudumarsa.

Ki ba Inna haƙuri. Ki rubuto da wuri, kuma don Allah ki ba wanda takardunsa suka cika.

Tamin

Pinrang, farkon Oktoba

Daeng Tamin,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna har ta yi ƙiba don murna. Ka yafe mini maganar kafaɗa, bakina ya fi ni sauri tun muna yara, ka sani.

Ya dawo. Ba da farar riga ba, da wata tsohuwar singileti da ta sha duniya. Ashe Enrekang ya hau neman busasshen katako marar nauyi, ya ƙi karɓar ɗanye, ya tsaya sai da aka tattaro masa wanda ya shekara a rumfa. Na ce, "Pak, da ka aiko ko da saƙo ne." Ya ce, "Kunya ce ta hana ni, ban so in zo hannu biyu ba."

Ban yarda nan take ba. Na hau mota na je Suppa na ga wani gida da ya yi wa bango shekarun baya, na tambayi matar gidan. Ta ce aibinsa ɗaya, yana shan shayi kamar rijiya. Na dawo na ƙaro sukari.

Ka ga yadda yake aiki kuwa. Gefe ɗaya yake kwarewa, ya rufe shi kafin ya taɓa wani, Inna ba ta taɓa kwana a fili ba. Kowane katako sai ya ɗaga shi a tafin hannu kamar mai sayen kaza, in ya ji ya yi nauyi ya ajiye gefe. Na kusa da madafa kuwa har fere su yake yi. Kawu ya ce, "Ɗan birni, kana tausayin gidan ne ko kafaɗarka?" Ya ce, "Duka biyun, Kawu, yanzu ai abu ɗaya ne." Tun daga nan Kawu ya fara miƙa masa ƙusa, wai don kada ya ɓata aikin dangi.

Da ya iso ramin kyanwa, bai rufe ba sai da ya shiga ya tambayi Inna. Na ji suna ƙus-ƙus, ban ji me suka ce ba.

An fara girbi. Daren jiya an yi yayyafi, kogi ya yi ja. Ka yi mana addu'a ruwa ya jira mu.

Eda

Pinrang, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga yayana, Daeng Tamin,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, in ban da ni da hayaƙi ya kusa makantar da ni. Da fatan kai ma lafiya. Daga filin Kaka nake rubuto maka, a cikin ɗakinmu na da. Gida ya iso.

Tun ranar Alhamis aka fitar da kwanuka da akwatuna, aka ɗaure gorori tsakanin ƙafafun gida, tsaye da kwance. Mu mata muka wuni muna naɗe ayaba da kwakwa cikin ganye, ga tukwanen miyar nama, ga kifi. Da aka sauko Juma'a maza suka ɓullo ta kan gaɓar gonaki kamar an buɗe musu ƙofa, har da na ƙauyukan hayi. Suka sha shayi suka ci zaƙi, kowa ya nemi gurbinsa.

Kusurwar madafa ba kowa. Kawu ya ce, "Na faɗa muku." Bai rufe baki ba sai ga babur. Pak Jufri ya sauko da rigar sallarsa, ya cire takalmin nan mai ƙyalli ya miƙa mini, ya sunkuya ya shiga. Inna ta tura ni na kai masa tsohon zanenka mai ratsin shuɗi, wanda ka bari a ƙusa, ya naɗe ya sa a kafaɗa. Ka ga ke nan da kai aka ɗauki gidan.

Liman ya yi addu'a, ya ba da murya, gida ya ɗaga. Daeng, na yi kuka, ban san lokacin da ya zo ba. Gidan Baba yana tafe cikin kututturen shinkafa da ƙafafun mutane a ƙarƙashinsa, yana rangaji, sabon bangon yana ƙara yana lanƙwasa yana komawa. Ko katako ɗaya bai tsage ba. Da aka zo gaban masallaci Inna ta gyara lulluɓi ta rage tafiya, don kowa ya san gidan wa ke wucewa. Kawu yana gaba yana ba da umarni da sandar rake, ba wanda ya sa shi.

Aka dire a filin Kaka, maza suka zube a ƙasa, muka fara zuba miya. Kafaɗar Pak Jufri ta saɓule duk da zanenka.

Inna ta hau tsani ta shiga ɗakinta. Ashe ramin nan bai rufe shi ba, 'yar taga ya yi mata a wurin, mai murfi, daidai fuskar mutum in yana zaune a kan tabarma. Ta buɗe ta leƙa, ta sauko, ta tsaya a tsakiyar masu cin abinci ta ce, "Gidan bai zauna daidai ba. Tagata kurmin ayaba take kallo."

Wani ya ce, "Haba Inna, ai ayaba ma abin kallo ce." Aka yi dariya, kowa ya mai da kai kwanonsa. Ni kaina na ji kunya, na ce mata a hankali mutane sun gaji. Ta tsaya tana murza gefen zaninta.

Pak Jufri ya ajiye cokali. Ya ɗauki zanenka ya naɗe, ya ɗora a kan ciwon, ya koma kusurwar madafa ya sunkuya shi kaɗai. Ya ce, "Ni dai aikina bai ƙare ba. Tagar nan don hanya aka yi ta." Sai Kawu Beddu, Kawu da ka sani, ya jefar da rakensa ya shiga kusa da shi. Sauran suka tashi suna tsaki suna dariya, aka ɗaga, aka juya gidan kaɗan. Ana direwa ruwa ya ɓarke, aka ƙarasa cin miya a ƙarƙashin gida.

Simintinka bai tashi a banza ba. An yi mana ɗakin wanka da shi a bakin rijiya, fari fat, ko guguwa ba ta motsa shi. Inda gidan yake da kuwa, jiya na je, gurbin ƙafafun baya ya zama ruwa.

Ashe ba iska ramin nan yake kawo wa Inna ba. Daga can bakin kogi, ta cikinsa take hango ƙurar motar Parepare. Yanzu ta ce in gaya maka tana ganin motar sosai, har inda take tsayawa ta sauke mutanen jirgi da jakunkunansu. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ba zan ƙara ba. Zanenka na wanke shi, na mai da shi ƙusarsa.

Ƙanwarka,
Eda